Book ba ita ta haifi boko ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da Turanci a sakandare, kuma a takwas daga cikinsu na tsaya gaban yara na faɗa musu cewa kalmarmu ta boko daga kalmar Turanci book aka samo ta. Haka malamina ya faɗa mini, haka na sha ji a rediyo, haka na gani a rubuce. Yara suka kwafa, wasunsu yanzu sun zama malamai, kuma na san suna faɗa wa nasu ɗaliban. Maganar ba gaskiya ba ce. Tana damuna ƙwarai, domin ba irin kuskuren da za a bar wa masana harshe su yi ta musu a kansa a jami'a ba ne. Ya shafi yadda duniya take kallonmu, ya kuma shafi yadda muke kallon kakanninmu.

Wata ɗaliba ce ta jawo na gane. Yayyenta ba sa bari wasan Firimiyar Ingila ya wuce su, ita ma tana jin sharhi daga ɗaki. Ta ce, Malam, in dai book littafi ne, me ya sa mai sharhi yake cewa an yi booking ɗin ɗan wasa, alhali ba wanda ya miƙa masa littafi? Na ba ta amsa sama-sama, na koma gida na shiga tono. Ita kanta book ɗin na fara tonowa, kuma abin da na tarar a cikinta shi ya koya mini yadda ake bin asalin kalma, har na dawo na dubi tamu da sabon ido.

Shekara dubu da suka wuce mutanen Ingila bōc suke cewa, jam'inta kuwa bēc, kamar yadda har yau suke cewa foot da feet. 'Yan uwanta suna nan a harsunan maƙwabta: Jamusawa suna cewa Buch, mutanen Holan boek, na Suwidin bok. Akwai wata tsohuwar ƙabila mai suna Goth da aka fassara wa Baibul a ƙarni na 4, su a wurinsu boka harafi ɗaya ne, sai an yi jam'insa yake zama rubutu ko littafi. Ku riƙe wannan kalmar a zuci. Harafi da harafi ta yi daidai da bokanmu mai magani, kuma babu abin da ya haɗa su ko na sisin kwabo. Kama da wane ba ta wane.

Daga ina bōc ɗin ta fito? Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne daga sunan wata bishiya da Turawa suke kira beech, doguwa mai ɓawo toka-toka mai santsi, wadda ta cika dazukan Turai. A Jamusanci sunan bishiyar Buche, littafi Buch, harafi kuma Buchstabe, wato kamar a ce sandar wannan bishiyar. Ana ganin mutanen da can suna sassaƙa alamominsu a jikin itacen ne, har sunan itacen ya koma sunan abin da aka rubuta. Wani marubucin Rum mai suna Tacitus ya bayyana, wajen shekara ta 98, yadda ƙabilun Jamusawa suke yanka reshen bishiya gutsu-gutsu, su yi wa kowane alama, su watsa a kan farin ƙyalle don duba. Amma bai ce itacen beech ne ba. Kuma akwai masanan da suka ƙi yarda da bayanin gaba ɗaya, suna cewa in aka koma wa siffofin kalmomin biyu mafi tsufa ba sa haɗuwa yadda ya kamata. Musun bai ƙare ba har yanzu.

Wannan ya burge ni fiye da komai. Mutane ne da suka yi fiye da shekara ɗari suna tattara tarihin kowace kalma tasu, suna da rubuce-rubuce na shekara dubu da 'yan kai a ajiye, amma da aka zo kan wannan kalma da yaro ɗan shekara uku ya sani, manyan ƙamusoshinsu sai su ce “ana zaton” ko “akwai saɓani”. Ni kuwa ba ni da hujja ko guda, na tsaya gaban allo na yanke wa boko hukunci kai tsaye.

Ni dai bayanin bishiyar yana kwanta mini, saboda ba a Ingila kaɗai aka yi haka ba. A Latin littafi liber ne, asalinsa kuwa ɓawon ciki na bishiya, daga nan Faransawa suka sami livre, Ingilishi ya sami library. Codex, wanda ya haifi code ɗin da banki yake turo maka a waya, asalinsa kututturen itace ne da ake tsagawa a yi allunan rubutu. Girkawa biblos suke ce wa ganyen rubutun da ake yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu, daga nan sunan Baibul ya fito. Mu da muka tashi da allo a cinya ba za mu yi mamaki ba. Duk inda ɗan Adam ya fara rubutu, abin da ya samu a kusa ya rubuta a kai, sunan abin kuma ya bi rubutun.

To, sai ma'anoni. Nan ne amsar ɗalibata take. A tsohuwar Ingila bōc ba abin karantawa kaɗai ba ne, har da takardar da sarki yake bai wa coci ko wani babba don shaidar mallakar ƙasa. Filin da aka mallaka ta wannan hanya suna ce masa bōcland, wato ƙasar da take da takarda, don a bambanta ta da wadda ake riƙe da ita bisa al'ada. Duk wanda ya taɓa rigimar fili a birni ya san bambancin mai takarda da mai cewa gonar kakansa ce. A 1086 Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi shekara ashirin kafin nan, ya sa aka ƙidaya filaye da dabbobi da masu su don sanin harajin da zai karɓa. Kundin da aka tattara mutane suka laƙaba masa suna Domesday Book, littafin ranar hisabi, domin abin da aka rubuta a ciki ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Daga wannan jijiyar sauran suka tsiro. Zamanin keken doki mai ɗaukar fasinja tsakanin garuruwan Ingila, in kana son wuri sai ka je ofis akawu ya rubuta sunanka a rajista. Shi ne booking, kuma shi muke yi yau a waya in za mu hau jirgin Kaduna zuwa Abuja ko mu kama ɗaki a otal, ba rajista ba alƙalami, amma sunan yana nan. Ɗan sanda in ya kama mutum ya shigar da sunansa da laifinsa a rajistar caji ofis, shi ma booking ne. Alƙalin wasa yana da ɗan littafi a aljihu, in ɗan wasa ya yi ƙeta sai ya rubuta sunansa. Rubutun shi ne booking ɗin, katin daga baya ya zo. A gasar cin kofin duniya ta 1966, a wasan Ingila da Ajantina, alƙalin wasa Bajamushe ya kori kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattín, shi kuwa ya daɗe bai fita ba, ba mai jin harshen wani. Wani tsohon alƙalin wasa ɗan Ingila, Ken Aston, ya ɗauko dabara daga fitilun kan titi, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuma kora, aka fara amfani da katunan a gasar 1970 a Meziko.

Akwai kuma waɗanda ba na jin daɗinsu. Mai shirya caca, wanda yake rubuta wa ya zuba nawa a kan wane doki, bookmaker suke ce masa, mai haɗa littafi, kuma jikokinsa ne shagunan cacar ƙwallo da suka cinye aljihun samarinmu. Akawun da ya murɗe lissafin kamfani sai su ce ya dafa littattafai. Sai wadda kowane ɗan Najeriya ya haddace, domin duk sanarwar da ta biyo bayan wani ta'asa da ita ake rufewa: za a kawo masu laifi “to book”. Asalinta a kira mutum gaban littafin lissafi ya yi bayanin abin da aka damƙa masa. Kalma ɗaya ce Kirista a Ingila yake kiran Baibul da ita, da ita ake fassara Ahlul Kitabi, da ita kuma ake kiran ɗan caca. Facebook ma daga nan take: jami'o'in Amurka suna da kundin hotunan ɗalibai da sunayensu don a san juna, shi Mark Zuckerberg ya ɗauki sunansa a Harvard a 2004.

In ka jera su sai ka ga yawancin ma'anonin book ba na karatu ba ne, na rajista ne: wa aka rubuta, wa ya rubuta shi, me zai biyo baya. Kalmar ta bar bishiya ta shiga fada, ta shiga kotu, ta shiga tasha da filin ƙwallo. Kuma kowane mataki da ta taka akwai takardar da take nuna shi, da shekararta. Haka ake bin sawun kalma, kamar yadda ake bin sawun ɓatacciyar saniya, taku bayan taku, ba a tsallake.

Da na juyo kan boko da wannan ma'auni, sai maganar da na yi shekaru ina faɗa ta rushe nan take.

Na farko, bakin Bahaushe ba ya juya wannan sautin haka. Muna da wata kalmar Turanci da ta yi amo ɗaya da book, wato cook, kuma kowa ya san abin da muka mayar da ita: kuku. Da mun ari book, buk ko buku za mu ce, kamar yadda mutanen Indunisiya da masu jin Lingala a Kwango suke cewa buku. Shaida tana bakinmu kullum. In muna faɗin Facebook da “buk” muke ƙarewa, daga ɗan jami'a har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. Wani abokin aikina ya ce to ai bucket ta zama bokiti. Gaskiya ne, amma wasalin bucket daban yake da na book a bakin masu harshen, shi ya sa suka sauka a wurare daban a namu.

Na biyu, ba mu da buƙatar aron. Turawa sun zo sun tarar muna da littafi, daga al-kitab na Larabci, muna da allo da alƙalami da tawada da takarda. Abin da ba mu da shi muka ara, irin su fensir da rula da tebur da furamare da hedimasta. Kuma ba a taɓa jin Bahaushe ya nuna littafi ya ce miƙo mini bokon nan ba. In da kalmar daga book take, ai nan ne wurin farko da za a gan ta.

Na uku, kuma shi ne mai yanke magana, kalmar tana cikin harshen da ma'anarta tun kafin makarantar Turawa. Babban ƙamusun Hausa na Bargery, wanda aka buga a 1934, ya jera mata ma'anoni da dama, kuma kusan duka suna zagaye abu ɗaya: algus, yaudara, nuna abu ya fi yadda yake. Muna da biri-boko har gobe. Muna da amaryar boko, wadda ake lulluɓewa a ɗora a kan doki ana guɗa, alhali amaryar gaskiya an bi da ita ta wata hanya. Wani masaninmu, Liman Muhammad, ya yi wannan bayanin tun 1968, amma ba a saurare shi sosai ba. Sai a 2013 Paul Newman, Ba'amurken da ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin Hausa, ya rubuta maƙala guda a kan kalmar ya tabbatar da cewa Bahaushiya ce tsantsa, kamarta da book kuwa haɗuwa ce kawai.

Yanzu a duba lokacin. Kano da Sakkwato sun faɗi hannun Turawa a 1903. A 1909 Hanns Vischer, wanda muke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a Kano, ana koyar da Hausa da haruffan Rumawa, daga hagu zuwa dama. Mutanen da aka kawo wa wannan ba jahilai ba ne. Ƙasa ce da Al-Maghili ya zauna a cikinta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ƙasar Ɗan Marina da Ɗan Masani a Katsina, ƙasar da Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka cika da rubutu da Larabci da ajami. Suka dubi abin da wanda ya ci su da yaƙi ya kawo, suka auna shi da abin da suka sani, suka ce wannan ba karatu ba ne, kwaikwayon karatu ne, boko ne. Suna ne na raini da tuhuma, kuma da gangan aka raɗa shi.

Wannan shi ne abin da maganar book take gogewa. Ta ɗauki mutanen da suka yi tunani suka yanke hukunci, ta mayar da su mutanen da suka ji Bature ya faɗi kalma suka kasa maimaitawa daidai. Ko ka yarda da hukuncin nasu ko ba ka yarda ba, haƙƙinsu ne a faɗi abin da suka ce yadda suka faɗe shi. Ina ganin abin da ya sa muka karɓi bayanin book ba tare da tambaya ba shi ne mun saba ɗauka cewa duk abin da ya shafi makaranta daga wajen Turawa ya zo, har sunan da muka zage ta da shi.

Ɓarnar ta fi fitowa fili daga 2009, lokacin da sunan da jama'a suka laƙaba wa ƙungiyar nan ta Maiduguri, wato Boko Haram, ya shiga jaridun duniya. 'Yan jarida a Landan da New York suka buƙaci fassara cikin gaggawa, suka tarar da bayanin book a shirye, da yawansu suka ɗauka. Mai karatu a can sai ya fahimci cewa akwai wata al'umma a Afirka da harshenta bai san littafi ba sai da Bature ya kawo, kuma ga shi ana haramta shi. Al'ummar da ta fi kowa shan wuyar wannan masifa, wadda aka kashe mata malamai aka sace mata ɗalibai, ita aka ƙara yi wa wannan tambarin. Kuma da hannunmu muka miƙa bayanin.

Na san abin da wani zai ce, domin an faɗa mini a ɗakin malamai: Malam, ka bar wannan magana, in yara suka ji asalin boko yaudara ce ai ka ba masu ƙin makaranta makami. Na ɗauki wannan da muhimmanci, ba na raina shi. Amma amsarsa tana cikin ita book ɗin. Ba Baturen da yake shiga kantin littattafai yana tunanin bishiya. Ba wanda yake cewa tikitin jirginsa takardar mallakar ƙasa ce don kalmar ta taɓa nufin haka. Asalin kalma yana faɗa maka inda ta fito, masu amfani da ita ne suke faɗin inda take yanzu. Boko a bakin Bahaushen yau ita ce hanyar da likitar da ta karɓi haihuwar 'yata ta bi, ita ce haruffan da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa da su a Zariya a 1939, ita ce haruffan da nake rubuta wannan da su, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu masu lanƙwasa. Uba yana cewa ɗana ya yi boko mai zurfi yana alfahari. Mun ɗauki sunan raini mun cika shi da wani abu daban cikin shekara ɗari, kuma wannan labarin ya fi ƙarfafa yaro a kan ƙaryar da ake rufe shi da ita. Yaron da aka ɓoye wa gaskiya zai ji ta wata rana a bakin wanda zai murɗe ta, ya ce masa ka ga har malamanka sun ɓoye maka.

Akwai kuma masu jan igiyar ta ɗaya ɓangaren, su ma ban yarda da su ba. Suna cewa kalmar Turanci bogus, mai nufin jabu, daga boko ta fito, bayi ne suka kai ta Amurka. Ma'anar ta yi kusa, sautin ya yi kusa, zuciya tana so ya zama gaskiya. Abin da aka sani shi ne a Amurka aka fara jin bogus, a wajen masu buga kuɗin jabu, kuma ba a kawo takarda ko ɗaya da ta nuna sawunta daga ƙasar Hausa zuwa can ba. In na ƙi book saboda babu sawu, ba zan karɓi bogus don tana faranta mini rai ba.

Roƙona ga malaman Hausa da na Turanci, da masu gabatar da shirye-shiryen harshe a gidajen rediyo, da masu rubuta littattafan makaranta, shi ne a cire wannan jimlar. Gyaran bai kai minti biyar a aji ba. Bana da na iso wurin, na rubuta cook a allo na ce su faɗa mini da Hausa, suka ce kuku. Na rubuta book a ƙarƙashinta na ce to wannan fa, in da mun are ta? Suka yi shiru kaɗan, sai wani daga baya ya ce buku. Na ba su aikin gida, kowa ya je ya tambayi kakarsa ko wata tsohuwa a unguwa wace ce amaryar boko. Yawancinsu sun dawo hannu rabbana, tsofaffin da suka tambaya ba su riski al'adar ba. Amma yarinya ɗaya ta ɗaga hannu ta ce kakarta ta yi ta dariya, ta ce ita da kanta aka taɓa lulluɓewa aka ɗora a doki ranar bikin yayarta, tana 'yar shekara tara, kuma har aka isa ƙofar gidan ango mutanen gari suna zaton ita ce.